Asalin Sunayen Ƙananan Garuruwan Ƙasar Kano da Yadda Masu Su Suke Furta Su

Gabatarwa

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare a cikin birni, na taɓa yi wa 'yan aji shida darasi a kan duwatsun Kano. Na rubuta Dala a allo, sannan na rubuta Goron Dutse a ƙarƙashinsa, kamar yadda na saba gani a takardun ofis da allunan bakin hanya. Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni abin da ya haɗa goro da dutse. Ni kuwa don kada in ji kunya a gaban yara, sai na ce fataken goro ne suke sauka a gindinsa a zamanin da. Bayan kwana biyu sai ga kakan yaron ya rako shi makaranta. Muka gaisa, ya ja ni gefe inda yara ba za su ji ba, ya ce, “Malam, ai ba goro ba ne, gwauro ne. Dutsen ne yake tsaye shi kaɗai kamar wanda ba shi da iyali.” Na ce, “Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.” Washegari na koma aji na gyara, na rubuta Gwauron Dutse, na kuma gaya wa yaran cewa ni ne na yi kuskure.

Tun daga wannan rana na shiga bin diddigin sunayen garuruwa, musamman ƙananan da ba a cika ambatonsu a littattafan tarihi ba. Masu iya magana kan ce suna linzami ne. Sau da yawa sunan ƙauye shi kaɗai ne abin da ya rage na tarihinsa, domin bishiyar da aka sa masa sunanta an sare ta, rijiyar ta rufta, ganuwar ta zama gona. Idan kuma sunan ya lalace a bakin 'ya'yanmu, shi ke nan an rufe littafin. Wannan maƙala za ta duba hanyoyin da garuruwanmu suka sami sunayensu, da yadda masu garuruwan suke furta su, da kuma inda rubutu ya saɓa wa furuci. Na taƙaita a tsohon Lardin Kano, wato Jihar Kano ta yau da Jihar Jigawa wadda aka cire daga cikinta a shekarar 1991, amma zan riƙa leƙa maƙwabta inda misali ya kai ni.

Sunan Gari Kwatance Ne

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin ƙananan garuruwa ba a yi taron raɗa musu suna ba. Kwatance ne ya daɗe a baki har ya zama suna. Mutum ya sari daji ya kafa bukka kusa da wani rimi, duk mai nemansa sai a ce masa ya je wajen rimin wane. Bayan shekaru sai gidaje su ƙaru, a manta da mutumin, amma kwatancen ya zauna.

Wannan ne ya sa sunaye da yawa suke da gaɓa biyu, da ɗafi a tsakaninsu. Idan kalmar farko namiji ce sai a sa -n, kamar Rimin Gado da Garun Malam da Birnin Kudu. Idan mace ce sai a sa -r, kamar Rijiyar Zaki da Kukar Bulukiya. Gaɓar farko tana faɗin abin da aka gani a wurin, ta biyun kuwa tana bambanta shi da ire-irensa.

Sunayen Itatuwa da Ruwa da Duwatsu

Itatuwa su ne kan gaba, kuma ba kowane itace ba, sai wanda ake hango shi daga nesa ko wanda manomi ba ya sarewa saboda amfaninsa. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, wato bishiyar da ake samun kalwar daddawa a jikinta. Ɗorayi a da karkara ce ta manoma a bayan ganuwa, yau kuwa birni ya haɗiye ta, har yaron da aka haifa a can zai iya girma bai taɓa ganin ɗorawa ba. Haka Giginyu jam'in giginya ne. Akwai Kurna, akwai Tsamiyar Boka, akwai Kanya Babba a ƙasar Ɓaɓura, sannan ga Mai'aduwa can a kan iyaka a Jihar Katsina. Garuruwa masu suna Rimi kuwa sun fi a ƙirga. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa zai iya tattara waɗannan sunaye ya nuna wa ɗalibansa irin dajin da ya rufe ƙasar nan kafin a sare shi.

Bayan itace sai ruwa, domin ba a kafa gari inda babu abin sha. Daga nan muka sami Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, da Ruwan Kanya a ƙasar Rano, wanda ya haɗa ruwa da bishiya a suna guda. Duk inda aka ji Fadama ko Tafki ko Rafi a farkon suna, to a nemi wurin, galibi za a tarar da alamarsa ko da ya ƙafe.

Sai kuma yanayin ƙasa, wato tudu da dutse da fage. Dutse, hedikwatar Jigawa, sunanta bai ɓoye komai ba, duk wanda ya je ya ga dalili. Fage kuwa, wadda ake rubutawa Fagge, fili ne a bayan ganuwar Kano inda ayarin fatake yake sauka.

Sunayen da Tsaro Ya Haifar

Akwai kalmomi uku da ya kamata a bambanta wa yara, wato birni da garu da kafi. Birni gari ne babba mai ganuwa da ƙofofi, wanda mutanen ƙauyuka suke gudowa cikinsa idan yaƙi ya taso. Garu katanga ce ta ƙasa. Kafi kuwa shinge ne na itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari. Saboda haka Birnin Kudu da Garun Malam da Garun Gabas da Kafin Hausa da Kafin Maiyaƙi duk suna ba da labarin zamanin da ba a kwana da ido biyu a rufe. A ƙarni na 19 kudancin ƙasar Kano ya sha fama da harin Ningawa, arewacinta kuma da na Damagaram, kamar yadda ƙasar Katsina ta sha fama da Maraɗi. Ƙauyen da ba shi da ƙarfin gina ganuwa sai ya yi kafi. Garun Gabas kuwa ta girmi wannan zamani nesa ba kusa ba, domin ita ce Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai.

Har ila yau akwai Gandu da Rinji. Gandu babbar gona ce, sau da yawa ta sarki ko ta mai sarauta, kamar yadda ake ji a Gandun Albasa. Rinji kuwa mazaunin bayi ne da ke noma gonar ubangijinsu. Wannan ɓangare ne na tarihinmu da wasu ba sa son a tono, amma sunan ya riga ya adana shi, kuma malami ya san yadda zai yi bayaninsa cikin hikima ba tare da ya muzanta ɗan kowa ba.

Sunayen Mutane da Sana'o'i da Sarautu

Wani gari sunan mutum ne tsagwaronsa, kamar Sumaila, wato Isma'ila a bakin Bahaushe, da Ɗan Musa a Jihar Katsina. Wani kuma ɗafa-ƙeyar -awa ake liƙa masa, mai ma'anar mutanen wane, ko masu sana'a kaza, ko mutanen wuri kaza. Gabasawa mutanen gabas ke nan, Daurawa waɗanda suka zo daga Daura, Agadasawa mutanen Agadas. Akwai kuma ɗafa-goshin 'yan, wanda yawanci yake nuna abin da ake sayarwa a wurin, kamar 'Yankaba a Kano da 'Yantumaki a ƙasar Katsina.

Na kan ce wa abokan aikina, wanda ya shiga mota daga Kano zuwa Zariya ya buɗe kunnensa, ya yi darasi guda kyauta. Zai tashi daga Na'ibawa, mutanen na'ibi. Zai haye gada a Tamburawa, sunan da ke ɗauke da tambura, gangunan sarauta. Zai wuce Kura, garin marina, wanda saboda shaharar baƙin yadinsa mai ƙyalli har aka sami rawanin da ake kira ɗan Kura, Buzaye suna saye suna kaiwa cikin Sahara. Zai wuce Ciromawa, mutanen Ciroma. Daga nan sai Kwanar Ɗangora, sannan Tashar Yari bayan an shiga ƙasar Zazzau. A tafiya guda ya ji sunan muƙamin addini da na kayan sarauta da na sarautar kanta da na hanyar mota.

Kasuwa da Hanya

Wasu garuruwan ranar cin kasuwarsu ce ta zama sunansu. Ladin Makole da Larabar Abasawa a ƙasar Kano, da Talatar Mafara a Zamfara, duk haka suka samu. Zango kuwa masaukin ayari ne. Akwai Zangon Daura, akwai Zangon Katab a kudancin Kaduna, kuma fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun kai kalmar har ƙasar Gana, inda ake kiran unguwannin baƙi Musulmi da suna Zango a Kumasi da Ankara.

A nan akwai wata dabara ta gane shekarun gari daga sunansa. Tasha da kwana kalmomin aro ne daga Ingilishi. Turawa sun ci Kano a shekarar 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, hanyoyin mota kuma suka biyo baya. Saboda haka duk sunan da ya fara da Tashar ko Kwanar, sunan bai girmi wannan zamani ba, ko da kuwa akwai tsohon gari a kusa da shi. Kwanar Ɗangora mahaɗar hanya ce da ta ari sunan garin Ɗangora. A lura kuma, wannan kwana mace ce, shi ya sa ake cewa Kwanar. Kwana na barci kuwa namiji ne, da shi ake nufi da sai a ce Kwanan.

Akwai kuma sunayen fata, irin su Yalwa da Tudun Wada da Daɗin Kowa da Nasarawa. Waɗannan su ne aka fi raɗawa da gangan, lokacin da jama'a suka tashi daga wani wuri suka kafa sabo. Da yake fatan kowa ɗaya ne, sai sunayen suka yi yawa, har ya zama dole a ƙara musu wata kalma, kamar yadda ake cewa Tudun Wadar Ɗankadai don a bambanta ta da Tudun Wadar da ke cikin Kano da ta Zariya. Inda aka tashi kuwa shi ne kufai. A Jamhuriyar Nijar, a ƙasar Damagaram, akwai wurin da har yau ake kira Kufan Kanawa.

Sunayen da Hausar Yau Ba Ta Fassara Su

Idan aka cire duk waɗanda suka gabata, za a ga sauran wasu sunaye da ba su da ma'ana a Hausar da muke yi, kamar Rano da Gaya da Santolo da Wudil da Ringim da Auyo. Galibi waɗannan su ne mafiya tsufa. Rano da Gaya da Santolo duk an ambace su a littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. A cikinsa ne aka ba da labarin yadda Sarkin Kano Yaji ya ci Santolo a ƙarni na 14, da taimakon addu'ar Wangarawa.

Akwai wata alama da nake so malamai su lura da ita. Sunayen abubuwa na asalin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa. To amma ga Wudil da Minjibir da Ringim da Gwaram da Jahun, duk da baƙi suka ƙare. Irin wannan yakan nuna ɗayan abu biyu, ko dai wasalin ƙarshe ya faɗi saboda daɗewa, ko kuwa sunan ya fito daga wani harshe. Ba Hausa kaɗai aka yi a wannan ƙasa ba. A gabas, wajen Auyo da Shira da Tashena, an yi harsunan Auyokawa da Shirawa da Tashenawa, dangin Badanci da Ngizimanci, waɗanda yanzu babu mai jin su. A kudu maso gabas akwai Warjawa. Fulani sun bar mana Wuro, da Yola wadda ta fito daga kalmarsu mai nufin tudu. Barebari kuma suna da ɗafa-ƙeyar -ri mai nuna mazaunin wane, kamar a Yusufari ta Jihar Yobe. Harshe yakan mutu ya bar sunan gari a matsayin magajinsa.

Labaran Asali da Yadda Za A Riƙe Su

Bahaushe ba ya son suna marar ma'ana, saboda haka inda ma'ana ta ɓace sai labari ya maye gurbinta. Ana ba da labarin cewa Haɗeja ta samu daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Ana cewa Kazaure daga “kamar zaure” take, Argungu kuma daga “a yi gungu”. Dutsin-Ma an ce dutsen wani maharbi ne mai suna Ma. Kano kanta ana danganta ta da wani maƙeri Kano da ya zo daga Gaya neman tama.

Waɗannan labarai dukiya ce, bai kamata a yar da su ba, domin suna nuna yadda mutanen gari suke kallon kansu, da wanda suke ɗauka shi ne na farko a wurin. Sai dai akwai bambanci tsakanin sunan da hujjarsa take tsaye, kamar Dutse da Giginyu, da wanda hujjarsa labari ce. Duk inda aka ji an raba suna gida biyu an mayar da shi maganar da wani ya taɓa faɗa, to a yi hattara, domin sau da yawa sunan ne ya haifi labarin. Abin da na yi a gaban 'yan aji shida ke nan, na ga goro a rubuce na ƙirƙiro masa fatake. Da kakan yaron nan bai zo ba, da yau akwai mutum arba'in da suke ba 'ya'yansu wannan labari, suna cewa daga bakin malaminsu suka ji. Idan za mu koyar da irin waɗannan, mu riƙa farawa da “an ce”, yara su san matsayin abin da suke ji.

Yadda Masu Gari Suke Furtawa

Yanzu sai mu juya ga furuci, inda ɓarna ta fi yawa. Zan kawo abubuwa huɗu.

Na farko shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Masu gari suna cewa Ƙaraye da Ƙiru da Ɗambatta da Ɗorayi da Sharaɗa da Haɗeja, amma a allunan hanya da takardun hukuma babu lanƙwasa ko ɗaya. Wani lokaci rashin lanƙwasar yakan mayar da suna abin dariya. Ɓaɓura idan aka cire mata lanƙwasa ta zama babura, jam'in babur. Ɗanja ta Jihar Katsina ta zama danja, fitilar ba da hannu. Ƙanƙara ta zama kankara. Akwai kuma masu wuce gona da iri, su sa lanƙwasa inda babu, su ce Ɗaura maimakon Daura.

Na biyu shi ne tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun boko ba ya nunawa. Idan kalma ta zama sunan gari, yawanci wasalinta na ƙarshe yakan gajarce. A gwada faɗin “na ga dutse” sannan a faɗi “na je Dutse”, za a ji na biyun an datse shi. Haka yalwa da Yalwa, da rimi da Rimi. Bugu da ƙari, sunan gari mace ne ko da kalmar asali namiji ce. Muna cewa dutse ya faɗo, amma Dutse ta cika. Shi ya sa ake cewa Kano ta Dabo, kuma a tsofaffin takardun gundumomi za a ga an rubuta Dawaki ta Kudu, wadda yau muke kira Dawakin Kudu.

Na uku shi ne naso, wato yadda baƙi yake rikiɗa ya yi kama da na gabansa. Muna rubuta Rijiyar Zaki amma Bakano cewa yake Rijiyaz Zaki. Haka Rijiyal Lemo da Kwanad Dawaki da Gadat Tamburawa da Garum Malam. Birni ma a bakin mutane da yawa binni ne. Wannan ba kuskure ba ne, haka harshen yake tafiya, kuma ƙa'idar rubutu ta ce a rubuta -r da -n a bar baki ya yi aikinsa. A Ɗambatta kuwa nason ya shiga har cikin rubutu, domin sunan ya dunƙule ya zama kalma guda. Kada malami ya tilasta wa yaro furta suna harafi bayan harafi kamar baƙo.

Na huɗu shi ne karin harshe. Bakano yakan furta f kusa da p, shi ya sa ake ganin Fanisau da Panisau, da Fanshekara da Panshekara, alhali gari ɗaya ne. A ƙasar Katsina da Sakkwato kuwa f takan koma h ko hw, sai ka ji Huntuwa a madadin Funtuwa. Abin da Bakano yake kira dutse, Bakatsine dutsi yake ce masa, saboda haka Dutse ta Jigawa da Dutsi ta Katsina suna ɗaya ne a baki biyu. Gwauron nan ma da muka fara da shi, a yamma gwabro ko gwamro ake cewa. Ƙa'idar da nake bi ita ce, furucin masu gari shi ne asali, na maƙwabta kuma a rubuta shi a gefe.

Inda Rubutu Ya Saɓa wa Baki

Tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce, wa ya ɓata sunayen nan? Amsar tana cikin tarihin rubutun boko. Turawan farko da suka zo, irin su Clapperton da ya shigo Kano a 1824 da Barth a 1851, sun rubuta abin da kunnensu ya ji da ƙa'idar harshensu. Clapperton ya rubuta Katsina da siffar Kashna. Bayan 1903 jami'an mulki da masu safiyo da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ci gaba a kan haka. Sautin da muke rubutawa da c sai suka rubuta shi da ch, aka sami Bichi da Chiromawa da Challawa a madadin Bici da Ciromawa da Calawa. Tsafe ta zama Chafe, Yalwa ta zama Yelwa, Sakkwato ta zama Sokoto, Zariya da Jibiya da Kankiya suka rasa y ɗinsu, Gumal ta zama Gumel. A Nijar kuma Faransawa suka bi tasu ƙa'idar, Dogon Dutsi ta koma Dogondoutchi, Tawa ta koma Tahoua, Tasawa ta koma Tessaoua.

Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa a 1912, amma baƙaƙe masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 aka tsayar da su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta yaɗa su. Kafin lokacin taswira da hatimin ofis da allon tasha sun riga sun kafu. Keken rubutu na ofis ba shi da lanƙwasa, haka aka gada har zuwa kwamfuta. Yau kuwa wannan uzuri ya ƙare, domin wayar hannu ma tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ ga wanda ya so.

Wani abin da ya ƙara yaɗa gurɓataccen furuci shi ne al'adar makarantun boko ta liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Ta wannan hanya ƙananan garuruwa suka shiga bakin duniya. Shagari ƙaramin gari ne a ƙasar Sakkwato kafin ɗansa ya zama shugaban ƙasa a 1979. Rimi ta ƙasar Sumaila da Kwankwaso ta ƙasar Madobi da Ganduje ta ƙasar Dawakin Tofa duk sun shahara ta sunayen gwamnonin Kano. Amma da yake ta hanyar takarda sunan yake fita, sai a ji 'yan ƙasa suna cewa Balewa, alhali Tafawa Ɓalewa ne. Tun kafin boko ma sunan gari yakan bi mutum, kamar yadda ake yi wa sarakunan Kano laƙabi da inda suka rasu, a ce Usman Maje Ringim da Abdullahi Maje Karofi da Abbas Maje Nasarawa. Bambancin shi ne, waɗannan ta baki suka iso gare mu.

Rubutun ajami yana da amfani a nan. Yana nuna dogon wasali, kuma yana bambanta k da ƙ. Duk wanda yake da tsofaffin wasiƙun hakimai ko takardun gado ko na cinikin gona a gidansu, ya duba yadda aka rubuta sunan garin a ciki, zai iya tarar da furucin kakanninsa.

Shawara ga Malamai da Dattawa

Aikin nan ba ya buƙatar kuɗi. Malamin Hausa ko na tarihi zai iya ba kowane ɗalibi aikin hutu, ya je ya tambayo sunan garinsu ko unguwarsu. Ya rubuta sunan yadda yake a allon hanya, sannan ya rubuta shi yadda tsofaffi suke faɗa, da lanƙwasarsa. Idan da waya a gidan, a ɗauki muryar mai faɗar. A tambayi aƙalla mutum uku, kowa shi kaɗai, domin idan aka tara su wuri guda sai kowa ya bi bakin babba. Kada a tsaya ga dagaci da liman kawai. Makaɗa da maroƙa suna riƙe da kirarin gari, maharba sun san sunayen dazuzzuka da tafkuna, tsofaffin mata kuma sun san sunayen rijiyoyi da garuruwan da aka auro su. Idan bayanai sun saɓa, a rubuta su duka, kowanne da wanda ya faɗe shi. Daga nan a je a gani da ido, ko rimin yana nan, ko akwai gurbin ganuwa, ko akwai kufai a kusa. A ajiye littafi guda a makaranta, kowace shekara a ƙara a kai.

Ku kuma iyayenmu dattawa, roƙona shi ne idan kun ji jikokinku ko malamansu sun karkata sunan gari, ku gyara mana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kammalawa

Kamar yadda bayani ya gabata, sunayen ƙananan garuruwanmu sun samu ne daga itatuwa da ruwa da duwatsu, da ganuwa da kafi, da mutane da sana'o'insu, da kasuwa da hanya, wasu kuma gado ne daga harsunan da suka riga Hausa zama a wurin. An kuma ga cewa rubutun da ke kan taswira da allunan hanya ba shi ne ma'auni ba, domin an tsayar da shi tun kafin ƙa'idar rubutun Hausa ta zauna. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 27, kowacce da garuruwa da ƙauyuka masu yawa, kuma abin da na taɓo a nan kaɗan ne daga ciki. Sauran yana bakin tsofaffin da ke zaune a zaurukan garuruwan, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Kakan yaron nan da ya gyara mini Gwauron Dutse ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ina fata kowane malami zai nemi irinsa a garinsu tun yana da sauran wanda zai tambaya.